Sharaɗin Harshe da Takardun Baƙon Ma'aikaci: Abin da Iyakar Dantchiao ke Nunawa

Ƙasashe da dama a yau sun mai da harshe ɗaya daga cikin ƙofofin da baƙon ma'aikaci zai ratsa kafin a ba shi izinin zama ko na aiki. Watau bayan an ƙayyade yawan waɗanda za a bari su shigo, da irin sana'ar da ake bukata, sai kuma a ce lalle mutum ya ci jarrabawar harshen ƙasar. Wannan maƙala za ta dubi al'amarin ne daga wani wuri da a zahiri ba shi da wannan matsala ko kaɗan, watau ƙaramar hukumar Dantchiao da ke cikin gundumar Magariya, a jihar Damagaram, daf da iyakar Nijeriya. Dalilin zaɓen wurin kuwa shi ne, inda harshen baka ya zama ɗaya a ɓangarori biyu na iyaka, a nan ne ake iya gani sarai cewa abin da ke tare ma'aikaci a gaban hukuma ba magana ba ce, rubutu ne.

Yadda sharaɗin yake a wasu ƙasashe

Akasarin ƙasashen Turai suna aiki ne da ma'aunin da Majalisar Turai mai mazauni a Strasbourg ta fitar a shekarar 2001. Ma'aunin ya kasa ƙwarewa a harshe gida shida, daga A1, matakin wanda bai wuce gaisuwa da faɗin sunansa da na garinsu ba, har zuwa C2, matakin wanda ya kusa kamo ɗan asalin harshen. A kowane mataki ana duba abu huɗu: ji, da magana, da karatu, da rubutu. Malaman harshe ne suka tsara shi domin amfanin masu koyarwa. Daga baya ne ma'aikatun cikin gida suka ɗauke shi suka mai da shi makulli.

Holan ta fara yi wa masu neman zuwa zama da iyalinsu jarrabawa tun suna ƙasashensu a 2006, Jamus ta bi sahu a 2007. Rasha kuwa tun daga farkon 2015 ta wajabta wa baƙin ma'aikata jarrabawar harshe da tarihi da tushen dokokin ƙasa. A Faransa, dokar ranar 26 ga Janairu 2024 ta ɗaure katin zama na shekaru da yawa da matakin A2, katin zama na shekara goma da B1, zama ɗan ƙasa kuma da B2. Kafin wannan doka, halartar darussa ya wadatar wajen samun katin na farko; bayanta sai an nuna takardar cin jarrabawa.

Akwai wani abin lura a nan. Ingila tana neman shaidar iya Ingilishi daga ƙwararren ma'aikaci, amma ba ta neman komai na harshe daga wanda aka ɗauko ya yi wata shida yana tsinkar ƴaƴan itace a gona. Ashe ke nan sharaɗin bai danganci ko mutum zai fahimci umarnin mai gona ba. Ya danganci ko ana so ya zauna ne ko ana so ya koma. Ɗan ci-rani, a ko'ina yake, ba a cika tambayarsa harshe ba, domin ba a yi nufin ya daɗe ba.

Dantchiao da maƙwabtanta

Mutanen Dantchiao manoma ne na gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, tare da kiwo. Ƙasar tana cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki sun yi ta raguwa da rabon gado, abin da aka noma kuma sau da yawa ba ya kai gida ga wata damina. Saboda haka ci-rani a nan ba sabon abu ba ne. Da zarar an kai amfani rumbu, samari da magidanta sukan nufi kudu: Kano, da Kaduna, da Abuja, da Legas, inda suke ga-ruwa, da gadi, da sayar da shayi, da yankan farce, da leburanci wurin gini. Daga Magariya zuwa Kano bai kai kilomita 200 ba, alhali daga Damagaram zuwa Yamai ya kusa 900. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a jihar Jigawa, kasuwarsu ce kamar yadda take ta mutanen Gumel. Naira tana yawo a kasuwannin yankin kafaɗa da kafaɗa da sefa. Gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magariya a 2011, halinta ɗaya ne da wannan.

Iyakar da ta raba su da ƴan'uwansu na kudu ta samo asali ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan ayarin Tilho da O'Shee suka kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908. Tsawonta daga yamma zuwa tafkin Cadi ya kai kimanin kilomita 1,500. William Miles, a littafinsa na 1994 kan rabuwar ƙasar Hausa, ya kwatanta ƙauyuka biyu na wannan yanki, Yekuwa ta ƙasar Magariya da Yardaje ta ƙasar Daura, waɗanda tafiyar ƙafa ce kawai tsakaninsu. Abin da bincikensa ya nuna shi ne, harshe da addini da auratayya sun ci gaba da zama ɗaya, amma makaranta da sarauta da hulɗa da hukuma kowanne ya kama gabansa.

Karin harshen wannan yanki ya fi kusa da na Daura da Gumel a kan na Dogondutsi ko Filinge, duk da cewa waɗannan na ƙarshe su ne ke ƙasa ɗaya da shi. Idan da za a yi wa mutumin Dantchiao jarrabawar Hausa ta baka a Kano, da shi da mai jarrabawar babu wanda zai koya wa wani. Amma duk da haka a idon doka baƙo ne, daidai da wanda ya sauka daga jirgi bai san ko "sannu" ba.

Abin da ya faru a 1983

Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS, wadda ake kira CEDEAO a Nijar, an sa mata hannu a Dakar a watan Mayu 1979. Ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya ingantacciya da ta rigakafi. Batun izinin zama da neman aiki an bar shi sai mataki na biyu, wanda ba a amince da shi ba sai 1986. Cikin wannan giɓi ne abin ya auku. Kuɗin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, rikicin Maitatsine na Kano a Disamba 1980 kuma ya riga ya sa ana zargin baƙi. Ranar 17 ga Janairu 1983 ministan cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takardu mako biyu ya bar ƙasar. An ƙiyasta waɗanda suka fita sun kai miliyan biyu, kusan rabinsu ƴan Gana, tare da ɗimbin ƴan Nijar da Cadi da Kamaru da Togo da Benin. Gana ma ta taɓa yin irin wannan a Nuwamba 1969, zamanin Busia, inda korar ta faɗa kan mazauna zango-zango, har da waɗanda a can aka haife su.

Abin da ya shafi mai nazarin harshe a nan shi ne tambayar da jami'i ya fuskanta a tasha ko a bakin kasuwa: ta yaya za a gane baƙo? Ɗan Gana bakinsa yakan tona shi. Bahaushen Magariya kuwa ba shi da wata alama a harshe da za a kafa hujja da ita, Bahaushen Ɓaɓura da ke zaune kusa da shi ma galibi ba shi da takardar haihuwa. Shekara uku kafin haka, a Janairu 1980, an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, aka tsallaka da shi Cadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta mayar masa da haƙƙinsa. Idan mai irin wannan matsayi ya sha wuya wajen tabbatar da asalinsa, ina ga mai tura kurar ruwa?

A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe su ba sai Maris 1986, a tsakani kuma aka sake wata korar a 1985. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutane a kudancin Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. An sake rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023 har farkon 2024. A duk waɗannan lokuta ba a taɓa tambayar kowa wane harshe yake ji ba. Takarda aka tambaya.

Inda bambancin yake

Bambancin da ke akwai tsakanin Hausar ɓangarorin biyu ya taru ne a wuri guda, watau kalmomin da suka shafi hukuma da makaranta da kuɗi. Noma da aure da ciniki da addini kalmominsu ɗaya ne. Amma mutumin Dantchiao zai ce lakwal inda na Gumel zai ce makarantar boko, ya ce mushe inda wancan zai ce malamin makaranta ko tica, ya ce duwan a maimakon kwastan, biro a maimakon ofis, lanho a maimakon haraji, kaye a maimakon littafin rubutu. Dala a wurinsa sefa 5 ce, jikka kuma sefa 1,000, don haka kuɗin da aka rubuta 500 a takarda shi dala ɗari zai kira shi. Wannan lissafi ba ya ruɗa shi a kasuwa, amma yana iya ruɗa shi a gaban takardar albashi, kuma yakan ruɗa ɗalibi a ajin yaƙi da jahilci ranar da aka fara haɗa masa lambar da ke rubuce da sunan da ya saba kiran kuɗin. To, waɗannan kalmomi na aro su ne daidai kalmomin da ake bukata a ofishin shige da fice. Watau inda harshen ya rabu, nan ne kuma baƙon ma'aikaci ya fi bukatarsa.

Matsalar sunaye ta fi wannan tsanani, ga shi kuwa ba a cika kula da ita ba. Magatakardan da ya yi karatu da Faransanci yana rubuta sautin c da tch, sautin u da ou, sautin sh da ch, sautin j da dj. Sunan garin da ake magana a kansa ma shaida ne, haka Yékoua da Sassoumbroum. Saboda haka mutum ɗaya zai zama Issoufou a katinsa na Nijar, Yusufu ko Yusuf a rajistar wurin aikinsa a Kano. Chaïbou a nan, Shu'aibu a can. Ousmane da Usman, Hadjara da Hajara, Mahamadou da Muhammadu. A zamanin da ake rubuta rajista da hannu, jami'i yakan karanta ya gane mutum ɗaya ne, ya wuce. Kwamfuta ba ta yin wannan uzuri. Asusun banki, da layin waya, da aika kuɗi gida, duk sun koma kan daidaituwar haruffa tsakanin takarda da takarda. Mai sunan kuwa sau da yawa ba ya iya karanta ko ɗaya daga cikin rubutun biyu, balle ya ga inda suka saɓa. Mai yiwuwa ya iya rubuta sunansa tsaf da ajami tun yana makarantar allo, amma babu gurbin ajami a fom ɗin ko wace ƙasa daga cikin biyun. Ƙididdigar UNESCO ta shekarun baya-bayan nan ta nuna manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, a karkara kuma, musamman tsakanin mata, abin ya yi ƙasa da haka sosai.

Dokokin ƙasashen biyu ba su ƙunshi jarrabawar harshe ga baƙon ma'aikaci ba. A Nijeriya kamfani ne ke neman a ware masa adadin guraben da zai kawo baƙi, bisa sharaɗin zai horar da ƴan ƙasa su gaje su. A Nijar, bisa dokar aiki ta 2012, kwangilar baƙon ma'aikaci sai hukumar samar da aikin yi, watau ANPE, ta sa mata hannu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma, wajen ba da zama ɗan ƙasa, shekara 15 na zama ya nema, da karɓuwa wurin jama'ar da mutum ke zaune cikinsu, bai ambaci jarrabawa ba. Sai dai duk waɗannan dokoki da fom-fom ɗinsu da Ingilishi ko Faransanci suke. Wannan shi ne sharaɗin harshen da ba a rubuta ba, kuma ya fi rubutaccen tsauri, domin wanda aka rubuta aƙalla yakan zo da darussa da ranar jarrabawa. Wannan kuwa abin da ya haifar shi ne ɗan tsakani: mai cike fom a bakin ofis, wanda ake biya, wanda kuma kuskurensa mai takarda ne zai ɗauka har ƙarshen ransa.

Waɗanda suka nufi arewa nasu ya fi muni. Tun bayan da mutum 92, akasarinsu mata da yara daga ƙasar Kance, maƙwabciyar Magariya, suka mutu da ƙishirwa a hanyar Aljeriya a Oktoba 2013, aka shiga mayar da ƴan Nijar gida cikin ayari-ayari, daga Disamba 2014. A can babu Hausar da za ta yi musu rana, Larabcin allo kuma ba shi ne na titin Tamanrasset ba.

Lokacin da aka yi wa baƙi jarrabawar Hausa

Ƙasar Hausa ta taɓa ganin rubutaccen sharaɗin harshe a kan baƙin ma'aikata, sai dai baƙin su ne masu mulki. A Arewacin Nijeriya, jami'in mulki Bature sai ya ci jarrabawar Hausa ta ƙaramin mataki kafin a tabbatar da shi a aiki, akwai kuma ta babban mataki ga mai neman ci gaba. Ba don ƙaunar harshen aka yi haka ba. Mulki ta hannun sarakuna ne ya tilasta, domin Di'o da ke dogara da tafinta bai san abin da ake faɗa da sunansa ba. Amma sharaɗin ya bar gado. Jarrabawa tana bukatar nahawu da ƙamus da tsayayyen rubutu, bukatar kuwa tana cikin abubuwan da suka tura aikin da ya kai ga ƙamus ɗin Bargery na 1934 da Hukumar Harshen Hausa ta 1955. A ɓangaren Faransa, inda Damagaram ta kasance babban birnin mulki har 1926, makaranta da ofis da Faransanci suka tafi, tafinta ya zama ƙofar kwamanda. Sai bayan samun mulkin kai aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1960, aka halarci taron Bamako na 1966 kan haruffan harsunan Afirka ta Yamma, aka kuma buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973.

Wannan tarihi ya dawo da amfaninsa a 2025. A ranar 29 ga Janairu na wannan shekara ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ko da yake ƙungiyar ta ba da sanarwa a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƴan ƙasashen uku, da barinsu su yi zirga-zirga, har sai an yanke wata shawara. Watau abin da yake haƙƙi bisa yarjejeniya ya koma alfarma ta wucin gadi. A watan Maris kuma sabon kundin da ya maye gurbin tsarin mulkin 2010 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma ne ba tare da fifita ɗaya ba, shi ya sa wannan sauyi ya jawo muhawara tsakanin masu magana da sauran harsunan, muhawarar da bai kamata masu tsara manufa su yi kunnen uwar shegu da ita ba.

Idan aka ce wata rana za a nemi baƙon da ke aiki a matatar mai ta Damagaram, ko a wata ma'aikata, ya nuna shaidar jin Hausa, da me za a auna shi? Jarrabawar makarantun sakandare ta Nijeriya an tsara ta ne domin ɗan da ya tashi da harshen, tana tambayarsa adabi da al'ada. Abin da ake bukata daban ne: bayanin matakai, da jerin kalmomin kowane mataki, da matsaya kan karin harshen da za a karɓa. Shin wanda ya ce lakwal ya ci, wanda ya ce makaranta ya faɗi, ko kuwa akasin haka? Taron Yamai na 1980 ya kusanto da ƙa'idojin rubutun ƙasashen biyu, amma har yanzu ana rubuta ƴ a Nijar, 'y a Nijeriya. Sa'an nan akwai haɗarin da ya fi waɗannan: jarrabawar da ta ƙunshi karatu da rubutu, injiniyan da ya zo daga Sin zai iya cinye ta cikin shekara guda, manomin Dantchiao da aka haifa cikin harshen ya faɗi. Saboda haka aikin da ya fi gaggawa ba auna baƙo ba ne. Fassara fom ne, da katin shaida, da kwangilar aiki, da sanarwar bakin iyaka, da kuma sanya su cikin littattafan ajin manya, ta yadda darasin farko na rubutu zai zama sunan ɗalibi kamar yadda yake a katinsa, da yadda za a rubuta shi a tsallake.

Mai fassara waɗannan takardu zai yi karo da kalmar baƙo tun a layin farko. A Hausa baƙo shi ne wanda aka shimfiɗa wa tabarma, shi ne wanda ya zo daga ƙauyen da ke gaba, shi ne kuma wanda ya zo daga wata nahiya. Doka kuwa tana nufin abu ɗaya tak: wanda ba shi da takardar zama ɗan wannan ƙasa. Bare ta yi kaushi, tana kuma nufin wanda ba dangi ba. Ɗan ƙasar waje ta fi kusa, amma a kunnen mutanen iyaka ƙasar waje ba ta haɗa da Daura ko Gumel ba. Ƙasa a bakinsu har yanzu takan nufi ƙasar sarki, kamar ƙasar Daura ko ƙasar Damagaram. Baƙon haure, wadda gidajen rediyo suka yaɗa, ta ɗauko hoton mai haura katanga, alhali mai ci-rani daga Dantchiao ta hanyar da kakansa ya bi da jaki ya bi, da rana tsaka, ya kuma gaisa da jami'in da ke bakin shingen da sunansa.